Lantin da ya kwana a ido: yadda ƙwayoyin cuta ke cinye baƙin ido cikin kwana biyu

Ɗan faifan roban nan da ake mannawa a kan baƙin ido, wanda masu Faransanci ke kira lanti, ƴan tsallaken iyaka a Najeriya kuma suke ce masa kwantak lens, ta ƙofa biyu ya shigo Maraɗi. Akwai na gyaran gani, wanda likitan ido ke aunawa ya rubuta a madadin tabarau, kuma masu sa shi ba su da yawa. Akwai kuma na kwalliya, mai ruwan toka ko ruwan zuma ko shuɗi, wanda ke biyo kayan amare da kwalliyar Salla. Shi wannan a shagon kayan shafa ake sayensa, ko ta WhatsApp, babu awo, babu kuma wanda ya zaunar da mai saye ya nuna mata yadda ake cirewa. Ido dai bai san wannan bambancin ba. Duk faifan da ya daɗe a cikinsa fiye da ƙa'ida, hanya ɗaya yake buɗe wa cuta.

Lanti yakan zauna a ido ta fuska uku: a yi barci da shi, ko a ci gaba da sa shi bayan wa'adinsa ya cika, ko ya zame ya naɗe ya ɓuya a ƙarƙashin fatar ido ta sama mai shi yana zaton ya faɗi. Na ukun ne ya fi ba mutane tsoro, suna cewa zai wuce bayan ido ya shiga kai. Wannan ba ya yiwuwa. Siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido ita ce ta lanƙwaso ta shimfiɗe cikin fatar ido, ta yi wani lungu rufaffe kamar aljihu, iyakar tafiyar lanti ke nan. Amma aljihun na sama yana da zurfi, yana kuma iya riƙe kaya. A 2017 likitocin asibitin Solihull a Ingila sun ba da labarin wata mata mai shekara 67 da ta zo aikin yanar ido, aka tarar da lanti 27 a ido ɗaya, 17 daga ciki sun dunƙule wuri guda. Dole aka ɗage aikin, don yanka idon da ya tara ƙwayoyin cuta haka daidai yake da tura su ciki da hannu. A 2018 kuma aka ruwaito wata a Sikotilan wadda lanti mai tauri ya shekara 28 a cikin naman fatar idonta, tun ranar da abin wasa ya buge ta a ido tana da shekara 14.

Irin waɗannan labaran suna yawo a intanet, kuma sukan ɓatar da mutane, don sai a ɗauka lanti na iya shekaru a ido ba tare da ya yi komai ba. Wanda ya ɓuya a lungu yakan yi wa mai shi sauƙi saboda ya sauka daga kan baƙin ido. Wanda ya fi makantarwa shi ne wanda yake zaune daram a mazauninsa, aka rufe ido a kansa har gari ya waye.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin faifan

Abin da muke kira baƙin ido a gaskiya garau yake kamar gilashi, launin da ke bayansa ne muke hangowa. Likitoci na ce masa korniya. Kaurinta a tsakiya rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, faɗinta wajen milimita 12, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta, abin da ya sa haske ke ratsa ta. Tunda jini ba ya kai mata iskar oksijin, daga sarari take shaƙa, ta cikin hawaye. Idan mutum ya rufe ido ya yi barci, abin da take samu yakan ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, har takan ɗan kumbura da kamar kashi 4 cikin 100 kafin safiya, ko da babu komai a idon. To, a ɗora faifan roba mai faɗin milimita 14 a kan wannan. Kumburin ya ƙaru, fatar saman korniya, wadda duk kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, ta yi laushi, ƙwayoyinta su saki juna, ƴan tsage-tsagen da ido ba ya gani su buɗe.

Wannan fatar ita ce katanga. Muddin tana lafiya, yawancin bakteriya ba sa iya ratsa ta. Hawaye kuma su ne masu shara da gadi: kowane ƙiftawa yana wanke saman ido, kuma a cikinsu akwai sinadarai masu fasa jikin bakteriya da masu hana su samun ƙarfen da suke bukata don hayayyafa. A ƙarƙashin lanti mai laushi, ɗan kaɗan ne daga hawayen ke sauyawa a kowane ƙiftawa, a barci kuwa babu ƙiftawar ma sam. Sai wurin ya zama kamar kududdufi: ɗumi, danshi, ga matattun ƙwayoyin fata sun taru sun zama abinci.

Saura baƙon da zai shigo, shi kuwa yawanci a jikin lantin yake zuwa. Bakteriya sukan manne a roba su lulluɓe kansu da wani yauƙi, irin santsin da ake ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba. A cikin wannan yauƙin, maganin da zai kashe su a fili ba ya kai musu yadda ya kamata. Babbar maɓoyarsu ita ce ƴar kwalbar ajiye lantin. Lantin kwalliya yana da ƙarin matsala: fentin da ke jikinsa, musamman a masu araha inda yake a saman roban, yana sa shi kaushi, ƙwayoyin cuta su fi kama shi, iska kuma ta fi wuyar ratsa shi. Sannan lanƙwasarsa ɗaya ce ga kowa, alhali idanu sun bambanta. Idan ya matse, ba ya motsi, hawaye ba sa shiga. Idan ya yi sako-sako, shi ne mai zamewa ya ɓace a sama.

Alƙaluma sun nuna girman bambancin. Wani babban bincike da aka buga a Ostareliya a 2008 ya gano cewa cikin mutum 10,000 masu sa lanti mai laushi da rana kawai, kusan 2 ne ke samun gyambon korniya a shekara. Cikin masu kwana da shi, kusan 20. Masu kwana da sabon samfurin siliko, wanda aka yi don ya fi barin iska ta wuce, wajen 25. Wato ƙarin iska bai magance matsalar ba, don tsayawar hawaye da yauƙin ƙwayoyin cuta suna nan. A tuna kuma a ƙasar da ake auna ido kafin a sayar aka tattara waɗannan alƙaluman, ba inda hazon hunturu ke busar da ido, zafin Afrilu ya haura digiri 40 a kan kwalbar ruwan wankin da ke ajiye a shago ba.

Sudomonas

Ƙwayoyin da ke kama mai lanti suna da dama. Akwai Staphylococcus aureus da ke zaune a fata da gefen gashin ido, akwai Streptococcus pneumoniae, akwai Serratia marcescens mai son kwalbar ajiya. Amma wadda ta fi yawa kuma ta fi sauri ita ce Pseudomonas aeruginosa, a taƙaice Sudomonas. Ƙwayar ruwa ce da danshi: bakin famfo, randa, buta, tawul mai jiƙa, soson wanka. Ruwan famfo da na rijiya da na leda duk suna iya zama masu kyau ga sha, amma ba su da tsarkin da za su taɓa lanti. Ciki yana da abin da zai kashe ta. Korniyar da ta kwana a rufe ba ta da shi.

Da ta samu tsaga, sai ta manne da ƴan zare-zaren jikinta. Wasu nau'o'inta kan shige cikin ƙwayoyin fata su ɓuya, wasu kuma su tsira musu wata irin allura su zuba dafi, ƙwayar ta mutu cikin awoyi. Daga nan ta gangara cikin naman korniya, wanda shi ne kashi 90 cikin 100 na kaurinta, tana fitar da sinadarai masu narkar da nama. Jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini su yi yaƙi, su ma nasu sinadaran narkarwa suke zubawa, ɓarnar ta zama biyu. Shi ya sa gyambon Sudomonas ke iya huda korniya cikin kwana biyu zuwa uku idan ba a tare shi ba. Rabin milimita ba tafiya ce mai nisa ba.

Yadda yake farawa shi ne abin yaudarar. Amarya ta sa lanti da yamma, biki ya kai dare, gajiya ta kwashe ta da shi. Da safe ido ya yi ja, yana ruwa, kamar akwai yashi a ciki. Kowa a gida zai ce apolo ne, ko ƙura, ko kwalli. Ga abin da ke raba su: apolo ƙaiƙayi ne da kwantsa, yakan kama ido biyu, yakan bi ƴan gida, gani kuma ba ya raguwa idan an share kwantsar. Gyambo ido ɗaya yake kamawa, zafi ne mai tsanani wanda ke ƙaruwa ko bayan an cire lantin, mutum ba ya iya kallon haske, fatar ido ta kumbura, gani ya dushe. Idan aka haska da tocila daga gefe za a iya ganin ɗigo fari ko ruwan toka a kan baƙin ido. Na Sudomonas yakan zo da kwantsa mai kauri, rawaya mai ɗan kore, sauran korniyar kuma ta yi duhu-duhu kamar gilashin da aka hura wa numfashi. In abin ya yi nisa, mugunya takan kwanta a ƙasan baƙin ido ta ciki, fara, da layi miƙaƙƙe a samanta kamar nono a ƙwarya.

Gaskiya ne ba duk jan idon mai lanti ne gyambo ba. Akwai wanda dafin bakteriyar da ke kan faifan ne kawai ke tayar da kumburi, ya tashi mutum da asuba da jan ido, ya kuma lafa idan an cire. Akwai ɗan ƙaramin ɗigo a gefen korniya, bai kai milimita 2 ba, wanda ke warkewa ya bar ɗan tabo. Amma a ranar farko, ko likita da na'urarsa yakan yi taka-tsantsan wajen raba su da gyambo na gaske. Ba hukuncin da za a yanke a gaban madubi ba ne. Ƙa'idar da masu aikin ido ke bi ita ce: mai lanti da ya zo da jan ido mai zafi, gyambo ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

A cire, amma a san inda za a tsaya

Lantin da aka kwana da shi yakan bushe ya manne. Fizgo shi a haka yana iya ɗaye fatar korniya, wato mutum ya buɗe wa cutar ƙofa da hannunsa. A wanke hannu da sabulu, a goge ya bushe sarai. A ɗiga ruwan gishirin farmasi, mai ƙarfin 0.9 cikin 100, na ƴan ƙananan robobin da ake fasawa a yi amfani da su sau ɗaya, ɗigo uku ko huɗu. A ƙifta, a jira kamar minti goma, a ƙara. Idan faifan ya fara motsi, a kalli sama, a ja shi da tafin yatsa zuwa kan farin ido ta ƙasa, a tsinke shi da naman yatsu biyu. Ban da farce, ban da tsinke, ban da hantsaki.

Idan ya ɓace, yawanci yana sama. A kalli ƙasa sosai, a rufe ido, a shafa fatar ido a hankali daga sama zuwa ƙasa bayan an jiƙa da ruwan gishirin. Wani zai iya taimakawa ya juya fatar idon a kan ɗan sandan auduga ya duba da tocila. Lanti mai tauri ba a murza shi, don gefensa na iya yanka. In an gwada sau biyu ko uku bai fito ba, a daina. Sau da yawa ma lantin ya riga ya faɗi, ƙarcewar da ya bari ce ke sa a ji kamar yana nan, mutum kuma ya yi ta tonon ido yana ƙara rauni. A asibiti abin minti kaɗan ne: ɗigon kashe zafi, rini mai ruwan lemo wanda ke kama lanti mai laushi ya kuma haska duk inda fata ta ɗaye a ƙarƙashin shuɗin haske, sai a juya fatar ido ninki biyu da ɗan ƙarfe a share lungun.

Lantin da aka cire da kwalbarsa da ruwan ciki, kada a zubar. A ƙulle su a leda a tafi da su. Wani lokaci a jikinsu ake gano ƙwayar idan ba ta fito daga idon ba.

Da yawa daga idanun da ake asara, abin da aka yi musu a kwana biyun farko ne ke kashe su. Na farko a jerin shi ne maganin ɗigawa mai kotizon a ciki, wato sinadarin kwantar da kumburi, irin su Maxidrol da Frakidex da Chibro-Cadron, waɗanda duk suna ɗauke da dekzametazon, wani nau'in kotizon. Magunguna ne masu amfani a wurinsu, amma a gyambon da ba a fara kashe ƙwayarsa ba, suna kwantar da jan ido da zafi, mai ciwo ya ji daɗi, su kuma ɗaure hannun garkuwar jiki ƙwayar ta ci karenta babu babbaka. Na biyu shi ne rufe ido da bandeji, wanda ke mayar da ɗumi da danshin da Sudomonas ke so. Na uku, man ido na tetrasiklin da ɗigon kuloramfenikol, da aka saba ba wa mai apolo: ba sa kashe Sudomonas, sai dai su cinye kwana biyu ana jiran su yi aiki. Nonon mai jego, ruwan sukari, zuma, ruwan albasa, jiƙon ganye da tozali kuwa ƙarin ƙwayoyi suke kawowa, wasu ma da naman gwari, wato ƙwayoyin cuta dangin fumfuna. Ɗigon kashe zafin da likita ke sawa don dubawa shi ma ba na kai wa gida ba ne, don yawan sa shi yana hana fata haɗewa har ya narkar da korniya.

A wurin likitan ido za a auna gani, a auna gyambon da milimita, a duba zurfinsa da nisansa daga tsakiya. Wanda ya kai milimita 2, ko yake cikin milimita 3 daga tsakiyar gani, ko ya tayar da kumburi a cikin ido, ana ɗaukarsa mai barazana ga gani. Irin wannan ake kankaro kaɗan daga gefensa a duba a madubin ƙwayoyin cuta a kuma shuka shi a ɗakin gwaji a ga ƙwayar da za ta tsiro, amma ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Maganin farko yawanci daga dangin fuloro-kinolon ne: siprofuloksasin ko ofuloksasin mai ƙarfin 0.3 cikin 100, ko moksifuloksasin mai 0.5. Abin da ke ba majiyyata mamaki shi ne yawan sawa. A awar farko ana iya ɗigawa duk minti biyar zuwa goma sha biyar, daga nan kowace awa, dare da rana, har awa 48. Dalili shi ne korniya ba ta da jijiyar jini, allura da ƙwayar haɗiya ba sa kai mata yadda ake bukata, hawaye kuma suna wanke ɗigon cikin mintuna. Wanda ya mayar da shi sau uku a rana kamar maganin mura bai yi magani ba. Dole a samu mai tashin majiyyaci da dare, shi ya sa akan kwantar da wasu. A gyambo babba, akan haɗa ɗigo masu ƙarfi daga maganin allura, kamar jantamisin ko tobramisin miligiram 14 a kowace mililita tare da sefazolin miligiram 50, ana sa su bi da bi da tazarar aƙalla minti biyar. Atropin kuma yana buɗe ƙwayar ido ya rage raɗaɗi, ya hana ta mannewa. Siprofuloksasin yakan bar farin gari a kan gyambon, wanda ba mugunya ba ce.

Ga wanda ke Dakwaro ko Tasawa ko Mayayi, inda likitan ido ba lalle ya samu a daren ba, abin da ya dace ma'aikacin likitar gari ya yi shi ne ya cire lantin, ya fara ɗigon kowace awa, kada ya rufe idon, ya tura shi Maraɗi a ranar, sashen ido na babban asibitin jiha ko asibitin ido mai suna Makka da ke cikin garin. Ba wasiƙar «ka je in ka samu hali» ba ce.

Bayan awa 48 ake sake aunawa. Alamar nasara ita ce zafi ya ragu, gefen gyambon ya fito sarai, bai ƙara faɗi ba, ko da jan idon yana nan. Idan bai motsa ba, sai a yi tunanin ƙwayar da ta bijire wa maganin, ko majiyyacin da ba ya ɗigawa da dare, ko kuma cutar ba bakteriya ba ce tun farko: naman gwari, wanda ke tafiya a hankali da gefe kamar gashin tsuntsu, ko amiba ta ruwa, wadda zafinta ya fi ƙarfin abin da ake gani. Idan korniya ta yi sirara har ta ɓule, ƙaramin rami ana iya liƙe shi da gam na musamman, babba kuwa sai dashen korniya, aikin da ke bukatar korniyar mamaci, abin da ba shi da sauƙin samu a yankinmu. In ƙwayar ta shige cikin ido gaba ɗaya, wani lokaci kwashe idon ne kaɗai ke tsayar da ciwon. Ko an yi nasara, gyambon da ya ratsa nama tabo yake bari, shi ne hakiya. A gefe, ba ta hana komai. A tsakiya, tabarau ba ya gyara ta.

Kiyayewar ba ta da wuyar faɗi. A cire kafin barci, har da na rana bayan azahar. A cire kafin wanka. A alwala a runtse ido sosai lokacin wanke fuska, kada kuma a taɓa lanti da jiƙaƙƙen hannu. A murza kowane gefe a tafin hannu da ruwan wankinsa na daƙiƙa goma zuwa ashirin, a ɗauraye, a jiƙa a sabon ruwa aƙalla awoyin da aka rubuta a kwalbar, galibi huɗu zuwa shida. Ƙara sabon ruwa a kan na jiya yana raunana maganin, kuma ruwan gishiri ɗauraya kawai yake yi, ba ya kashe komai, balle miyau. Kwalbar ajiya a wanke ta da ruwan lantin, a goge, a kife ta ta bushe, a canza ta duk wata uku. Lantin wata ɗaya daga ranar da aka fasa shi ake ƙirga, ko sau biyu kawai aka sa. A sa lanti kafin kwalliya, a cire shi kafin a goge ta, kwalli kuma kada ya hau gefen cikin fatar ido. Faifan da ya shiga idon wata ba ya shiga na wata, ko da mai kwalliya ta ce ta wanke. Wanda idonsa ke bushewa, ko amosanin ido ya bar masa tabo a fatar ido, ko yake da ciwon sukari, ya ga likita kafin ya fara. Wanda kuma ya taɓa yin gyambo ba ya komawa ga lanti sai fatar korniya ta haɗe, an gama magani, likita ya duba ya yarda, sannan da sabon faifai da sabuwar kwalba.